Gashin Sindila

Litinin, da hantsi

Kwana uku ke nan ban taɓa kan kowa ba. Na wasa aska, na share rumfa, na sake wasa aska. Tunda hannu ya rasa aiki, bari in sa shi rubutu a bayan takardun da magatakardan gari ya bari a nan ranar da ya gudu.

Abin da ake ta raɗawa ya tabbata. Sarkin Gotawa ya buɗe ƙofofin babban birninsa Rabenna, an sa shi a jirgin ruwa an nufi gabas da shi wurin Kaisar, sarkin Rumawa. Ran Asabar sojojin Kaisar suka shigo garinmu. Bonosu mai burodi ya leƙo rumfata yana washe baki, wai, "Firminu, taso ka gani, Rumawa sun dawo." Na taso na gani. Wasu gajeru ne a kan dawakai, gashi har gadon baya, babu mai jin ko kalma ɗaya ta harshenmu. Na ce masa, "Idan waɗannan ne Rumawan, ni da kai kuma su wane ne?" Ya ce ni dai tun da aka haife ni ba a taɓa burge ni ba.

Shekara arba'in da ɗoriya muna ƙarƙashin sarakunan Gotawa. Mashi nasu, alƙalami da kasuwa namu. Cocinsu daban, alƙalinsu daban. Ban taɓa ƙaunarsu ba, balle man shanun da suke lafta wa gashi, wanda in rana ta take sai ka toshe hanci. Amma 'yata ɗaya tilo, Sabina, Bagote take aure, Sindila. Cikinta wata bakwai.

Talata, da yamma

An yi shela a kasuwa, tafinta na fassarawa. Duk Bagoten da ya isa ɗaukar mashi ya hallara a dandali ran Litinin ta sama da wannan mai zuwa. Za a kai su bakin teku, su shiga jirgi, su je su yi wa Kaisar yaƙi da Farisa. Wata mata ta tambaya yaushe za su dawo. Tafinta bai fassara tambayar ba.

Sojojin baƙi ne, ba su san kowa ba, littafin sunayen gari kuwa ya tafi tare da magatakarda. Da ido za su tantance: mai dogon gashi da gashin baki Bagote ne, mai aski Barume. Da na ji haka gabana ya faɗi, don na san ƙofar wa za a fara ƙwanƙwasawa.

Laraba, da sassafe

Tanka maƙeri, Bagote, shi ne ya fara zuwa, ta ƙofar baya. A wurinsu ba a yanke gashin ɗa. Bawa ake yi wa aski, sai wanda aka kama da mummunan laifi. Ranar da za su naɗa sarki, a kan garkuwa suke ɗaga shi, kuma masu gashi kaɗai ke da bakin cewa sun yarda. To ga ƙato kamar Tanka zaune a kujerata.

"Yi sauri, wanzami, kafin in dawo cikin hankalina."

Na yi sauri. Bai yarda ya dubi madubi ba. Na ƙone gashin a murhu, har yanzu warin bai bar rumfar ba.

Alhamis, tsakar rana

Uku yau. Ba zan rubuta sunaye ba. Na Tanka ma wauta na yi.

Juma'a, da yamma

Na je gonar inabin Sindila. Na tarar da shi yana ɗaure rassa kamar babu abin da ke faruwa a duniya.

"Sannu da zuwa, Baba. Inabin ka zo dubawa ko kaina?"

"Kanka. Inabin ya fi ka hankali, shi yana yarda a datse shi."

Ya yi dariya, ya kai hannu ya mayar da gashinsa bayan kunne, yadda yake yi sau ɗari a wuni.

Na ce, "A garin nan aka haife ka. Harshenmu ka fi iyawa, naku in kana yi uwarka ce ke gyara maka. Kogin da kakanninka suka tsallako ko a mafarki ba ka gan shi ba. Me ya rage maka na Gotanci in ba wannan igiyar ba?"

"Ai ka faɗa da bakinka, Baba. Ita kaɗai ta rage."

Sai na zage shi. Ya cika mini kwando da albasa ya rako ni har bakin hanya. Yaron nan kirkinsa ma haushi yake ba ni.

Lahadi, tsakar rana

Ranilo, uwar Sindila, ta biyo ta nan daga cocinsu. Doguwa, busasshiya, ba ta taɓa kiran sunana ba shekara huɗu muna surukai.

"Wanzami, na ji askarka ta yi kasuwa."

"Sannu da zuwa, uwar Sindila. Ga kujera."

"Kujerar da ake mayar da 'ya'ya bayi? Bar ni a tsaye. Ubansa ya mutu a bakin daga da gashinsa. Ni na wanke shi, ni na taje masa shi kafin a rufe. Ranar da ka taɓa kan ɗana, ka sani daga jikina ka yanke shi."

"Wanne ya fi miki, ki gan shi da aski ko kar ki sake ganinsa?"

"Wanda ya tafi da gashinsa ɗana ne ko a Farisa yake."

Ta juya ta tafi. Na tsani matar nan, kuma tsoronta nake ji. Duka biyun gaskiya ne.

Litinin, da hantsi

Na wasa aska. Sindila bai zo ba. Saura mako ɗaya.

Talata, da yamma

Sabina ta zo, ta zauna a kujerar aski don ƙafafunta sun kumbura. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Baba, na daina roƙonsa. Jiya abin da ke cikina na motsi, sai na kamo hannunsa na ɗora, na ce ya yi sallama da shi tun yanzu, tunda ba za su gana ba."

"Me ya ce?"

"Ya fita. Sai da rana ta faɗi ya dawo."

Na ba ta burodi da man zaitun. Ta ci kaɗan don kar in ji zafi.

Laraba, tsakar rana

Ya zo. Ta ƙofar gaba ya shigo, ido na ganin ido, ya zauna, ya ce, "Ga ni, Baba." Na ɗauki almakashi nan take don kar ya fasa.

Gashi ne mai nauyi, ja-ja, almakashi har yana cijewa. Na yi masa aski irin na ango. Na gyara ƙeya, na zagaye kunne, na kwashe gashin baki tas, ko ɗigon jini babu. Ina cikin jin daɗin aikina, Allah ya yafe mini. Sai da na ja da baya na dube shi na ga kuskurena.

Fuskarsa ta ƙone da ranar gona. Leɓen sama da ƙeya da bayan kunnuwa kuwa fari fat, kamar cikin burodi. Makaho ma zai shafa ya gane jiya-jiyan nan akwai gashi a wurin. Shekara talatin da biyar ina aski, amma Rumawa nake aske, waɗanda fatarsu ta saba da rana tun suna yara. Ban taɓa tunanin fatar da ba ta taɓa ganin rana ba. Sauran tara da na aske da sanyin safiya a cikin duhun rumfa, haka na sallame su suka koma suka ɓuya a ɗaka, inda rana ba ta shiga.

Sindila ya dubi madubi, ya dube ni. "Yanzu fa ni mene ne, Baba?"

Na ce, "Hau soro."

Alhamis, da yamma

Na aika Sabina gida-gida ta gaya wa matansu: kowa ya fita rana, daga hantsi har yamma, rabin wuni a rigingine, rabi a kife. Na dafa busasshen ɓawon rumman ina shafa wa Sindila a leɓe da ƙeya. Yana kwance a soro kamar kifin da ake shanyawa. Bonosu ya hango shi daga nasa soron, ya ce, "Firminu, in ya gasu ka aiko mini da gefe ɗaya." Sindila bai yi dariya ba.

Asabar, da hantsi

Ranilo ta gan shi. Ta zo da tukunyar wake, ta tarar da shi yana saukowa daga soro. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ajiye tukunyar a ƙasa a hankali, ta faɗi magana ɗaya da harshensu, ta fita. Na tambaye shi me ta ce, ya juya ya koma soro. Sabina ce ta gaya mini daga baya. Wai ɗa ɗaya ta haifa, kuma yau ta binne shi.

Waken na nan inda ta ajiye. Babu wanda ya taɓa.

Litinin, da yamma

Sindila ya tsira.

Sun jera mu a dandali, mazan gari duka. Wani hafsa na bi yana kama haɓar mutum yana juyawa, yana shinshina kai ko zai ji man shanu. Ya daɗe a kan Sindila. Ya sa tafinta ya tambaye shi sana'arsa, Sindila ya amsa da harshenmu, har da irin lanƙwasar bakin 'yan kasuwa. Ya sake shi. Gari duka ya san ko shi wane ne, babu wanda ya ɗaga yatsa, har Bonosu, kuma zan riƙe masa wannan.

Biyu daga cikin nawa an zare su. Ranar ba ta kama fatarsu ba.

Waɗanda suka zo da gashinsu sun fita ta ƙofar gabas a jere, suna wata waƙarsu mai nauyi. Sindila na tsaye a cikinmu, leɓensa na motsi, murya ba ta fita.

Talata, da hantsi

Ya kamata in yi murna. Ina nemanta ban same ta ba.

Juma'a, da yamma

Sindila ba ya magana. Yana zuwa gona, yana dawowa, yana cin abin da aka ba shi. Wani falke ya kawo labari wai Gotawan da ke hayin kogin Fo sun taru sun ɗaga sabon sarki a kan garkuwa, wani matashi. Sindila ya ɗago kai a karo na farko cikin kwanaki, ya ce, "Su wa suka ɗaga?" Falken ya ce ina zai sani, masu gashi dai.

Lahadi, tsakar rana

Ya bi mu cocinmu. Bai san inda ake durƙusawa ba, Sabina ke jan rigarsa.

Laraba, da sassafe

Sojojin Kaisar sun tafi. Mun tashi mun tarar da barikin a buɗe, toka da ɗumi. Sun tafi da jakin Bonosu da garin alkamarsa duka.

Alhamis, tsakar rana

Mahayan sabon sarki sun shigo ta ƙofar arewa, matan Gotawa na guɗa. Bonosu ya leƙo, wai, "Firminu, Sarkinmu ya dawo." Na jefe shi da dutsen wasa aska, Allah ya so ban same shi ba.

Juma'a, da yamma

Wata shelar kuma. Sabon sarki ya ce Barume ba a taɓa shi, ko dukiyarsa ko cocinsa. Amma Bagoten da ya aske kansa a ranar tsanani, daidai yake da wanda ya yar da garkuwa ya gudu daga bakin daga, hukuncinsu ɗaya. Gobe maza duka a dandali. An tsare ƙofofin gari.

Sindila ya ce shi zai fito ya faɗi gaskiya, ya gaji. Sabina ta tsaya a bakin ƙofa da cikinta, ta ce, "To ka fara taka ni." Na zaunar da shi na sake kwashe abin da ya tsiro. Fatar ta yi daidai yanzu, ba fari ko kaɗan. Aikina ya yi kyau. Da hannuna na fitar da shi daga ramin farko na jefa shi a na biyu, kuma na san haka.

Asabar, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Shugaban mahayan wani dattijo ne mai furfura, Gundirit. Bai kama haɓar kowa ba, bai shinshina kowa ba. Ya dai jera mu, ya hau gindin rijiya ya zauna yana kallo, mutanensa na kallo. Muka yi ta tsayuwa. Can iska ta taso daga wajen kogi. Tanka ya ɗaga hannu zai kawar da gashi daga ido, gashin da babu shi. Aka zare shi. Sai wani. Sai wani. Ina kusa da Sindila, na ga hannunsa ya tashi zuwa bayan kunne, na kai nawa in riƙe, ban kai ba.

Biyar aka fitar tsakiya. Gundirit ya ce, "Waɗannan na wa ne?" Matar Tanka ta fasa kuka ta ruga ta rungume shi tana kiran sunansa da harshensu. Shi ke nan, ba a sake tambayarsa komai ba. Haka aka bi sauran, kowa wani nasa ya tona shi da kuka.

Da aka zo kan Sindila, Gundirit ya yi masa magana da harshensu. Na ga ya buɗe baki zai amsa. Kafin ya furta, Ranilo ta fito daga cikin mata, tana tafiya kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Dattijon ya miƙe tsaye, ashe ya san mijinta, tare suka yi yaƙi. Da harshenmu suka yi maganar, ita ta fara, ina jin don gari duka ya ji.

"Ranilo. An ce kina da ɗa."

"Ina da shi."

"Wannan ne?"

Ta matso kusa da Sindila, kusa kamar yadda nake matsowa in zan yi aski. Ta dubi fuskarsa ɗaya bayan ɗaya, goshi, ido, baki.

"Ɗana gashinsa har nan yake," ta nuna kafaɗarta. "Ya tafi Farisa tare da sauran. Wannan surukin wanzami ne, Barume. Ina dai ganinsa a kasuwa."

"Za ki rantse?"

"Kawo littafin."

Limaminsu ya kawo littafin cocinsu, shi ne kuwa ya yi wa Sindila baftisma. Ta ɗora tafinta ta rantse, muryarta ko gargada babu. 

Gundirit ya daɗe yana dubanta. Ni na tabbata ya gane. Ya ce, "Rantsuwar matar jarumi ta ishe ni." Ya juya ga Sindila, "Koma cikin naku." Sannan ya ɗaga murya: "Zan riƙa biyowa ta nan. Ranar da na ga gashi a kan nan, ita ce ta yi rantsuwar ƙarya a kan littafi, kuma kun san abin da ake yi wa mai ita."

Sindila ya dawo ya tsaya kusa da ni. Ita ta koma cikin mata, ba ta waiwayo ba.

Lahadi, da hantsi

Ba zan rubuta abin da aka yi a bakin gada ba. Su huɗu. Ni na aske su.

Litinin, tsakar rana

Maƙera a rufe. Ban iya bin wannan layin ba, na zagaya ta bayan coci.

Talata, da yamma

Na je gidan Ranilo. Na yi ta shirya magana a hanya, da ta buɗe ƙofa duk ta zube. Ta rame a kwana ukun nan, ko kuwa ni ne ban taɓa dubanta da kyau ba.

Na ce, "Uwar Sindila..."

"Ba ni da ɗa a garin nan, wanzami. Kar ka sake kirana haka, bango na da kunne. Kar ya zo nan. Kar 'yarka ta zo. In ta sauka, kar a aiko mini."

Ina so in tambaye ta ko fushi ne ya sa ta, ko ɗayan abin. Ban san yadda ake tambayar mace irin wannan ba. Ta fara tura ƙofa, sai ta dakata, ba ta dube ni ba.

"Ka riƙa wasa askar da kyau. Fatarsa ba ta da ƙwari, tun yana jariri abu kaɗan ke sa masa ƙuraje."

Ta rufe. Na zauna a dakalin wani gida na yi kuka, tsofai-tsofai da ni, mutane na wucewa.

Laraba, da hantsi

Ya zo tun ban gama share rumfa ba. Ya zauna, ya shafa kansa, ya ce, "Baba, ya fara fitowa."

Na jiƙa, na shafa mai, na fara. Na kai wuya ke nan sai ga Ranilo a kan hanya, tulu a kafaɗa, za ta rijiya. Akwai rijiya a unguwarsu, amma ta nan ta biyo. Ya gan ta a madubi, na ji maƙogwaronsa ya motsa a ƙarƙashin askar.

Na ce, "Kar ka motsa."

Bai motsa ba. Ta wuce a hankali, idonta a kan hanya, har ta sha kwana. Hawaye ya gangaro masa ya shiga cikin man. Na goge da gefen hannu, na ci gaba, na kwashe tas.

Ran Asabar zai dawo.